Yadda ake tantance maƙalu da ambaton mai bincike kan cututtukan lalacewar ƙwaƙwalwa

A Sakkwato mutum uku ne suka fi buƙatar wannan aiki: malamin jami'a ko likitan asibitin koyarwa da ke haɗa takardunsa don ƙarin girma ko neman tallafin bincike, ɗalibin da ke laluben wanda zai duba masa aikin digiri na biyu ko na uku, sai kuma wanda aka miƙa wa takardun wani aka ce ya tantance. Abin da ake fara nuna wa kowannensu shi ne shafin mai bincike a Google Scholar mai lambobi uku a gefe: jimillar ambato, ma'aunin h da ma'aunin i10, waɗanda za mu yi bayaninsu a gaba. Lambobin nan kamar mudun gero ne da ba a sheƙe ba, sai an fitar da ƙaiƙayi ake sanin abin da ya rage.

Fannin da muke magana a kai shi ne na cututtukan da ƙwayoyin ƙwaƙwalwa da na jijiyoyi ke mutuwa sannu a hankali: Alzheimer da sauran nau'o'in gigin tsufa, Parkinson mai kawo karkarwa da sanƙarewar jiki, Huntington, da ALS mai shanye tsoka. Duk lokacin da wata maƙala ta kafa hujja da taka, ta sa ta a jerin manazartarta, ambato ɗaya ke nan. Kayan aiki ba su da yawa: kwamfuta, intanet, da takardar Excel. Idan maƙalun sun kai 40 zuwa 60, ka ware yini biyu.

Mataki na farko: tabbatar mutum ɗaya kake ƙirgawa

A nan aka fi tafka kuskure, kuma sunayenmu ne sanadi. PubMed, rumbun maƙalun likitanci na Amurka, yana taƙaita suna zuwa na ƙarshe da harafin na farko: Bello M, Abubakar U, Umar A. Bello M nawa ne ke rubutu daga Sakkwato da Kano da Zariya da Maiduguri? Ga kuma rubutun suna, yau Muhammad, gobe Mohammed, jibi Muhammed. Usman a wannan maƙala, Uthman a waccan. Mai amfani da sunan gari, Gwadabawa ko Tambuwal ko Wurno, wata mujallar ta ɗauki garin a matsayin sunansa na ƙarshe, wata ta ɗauki sunan mahaifi. Macen da ta koma sunan miji bayan aure aikinta ya rabu gida biyu. Sunan jami'ar kansa ana rubuta shi Usmanu Danfodiyo, ana rubuta Usman Danfodio, ana rubuta Usman Dan Fodio, kuma na'ura ba ta san duk wuri ɗaya ba ne.

Ɓarnar iri biyu ce. Scopus, wani rumbun maƙalu da ambato, yakan buɗe wa mutum ɗaya shafi biyu ko uku, lambobinsa su ragu. Google Scholar kuwa yakan kwaso maƙalun takwarorinsa ya zuba masa, lambobin su kumbura. Alamar tana fitowa fili: likitan ƙwaƙwalwa da maƙala kan takin zamani, ko maƙalar da aka buga tun yana makarantar sakandare.

Ka fara da lambar ORCID, wato lambar shaidar mai bincike, mai alƙaluma 16, wadda ake bayarwa kyauta tun 2012. Idan mai binciken yana da ita kuma yana kula da ita, rabin aikin ya ƙare. Idan babu, ka shiga PubMed ka rubuta Bello M[au] AND Sokoto[ad] (au marubuci ke nan, ad kuma adireshi), sannan ka maimaita da kowane salon rubutun sunan. Amma ka sani, kafin 2014 PubMed adireshin marubuci na farko kaɗai yake ajiyewa, don haka tsofaffin maƙalun da mutumin yake na uku ko na ƙarshe ba za su fito ta wannan hanya ba. Sai ka bi su ta sunayen abokan rubutunsa. Domin taƙaita binciken ga wannan fanni, ƙara AND neurodegenerative diseases[mh], ka sake wani binciken da dementia[mh], saboda gigin tsufa yana da nasa reshe a tsarin kalmomin rumbun.

Scopus yana da ɓangaren kyauta da ke nuna shafin marubuci, kuma akwai fom na neman a haɗe shafukan da suka rabu. Gyaran ba ya fitowa nan take, kada ka bari sai ana gobe rufe karɓar takardu. A Google Scholar kuwa, idan shafin naka ne, ka kashe zaɓin da ke ƙara maƙalu da kansa, ka mayar da shi sai ya tambaye ka ta imel, sannan ka tabbatar da shafin da adireshin imel na jami'a.

Mataki na biyu: jeri guda, da kwanan wata a samansa

Buɗe Excel ka yi ginshiƙai: shekara, take, mujalla, lambar DOI (lambar shaidar maƙala a intanet), lambar PMID (lambarta a PubMed), nau'in maƙala, yawan marubuta, matsayin sunan mutumin, ambato a Scholar, ambato a Scopus, da wurin bayani. Manhajar Publish or Perish kyauta ce, tana kwaso jerin daga Scholar ta ba ka shi a tebur. A saman takardar ka rubuta ranar da ka ɗauki lambobin, domin kowane mako suna motsi.

Rumbunan ba za su taɓa daidaita ba. Scholar yana ƙirga kundin digiri, takardun taro, littattafai, da duk abin da ya yi kama da maƙala a intanet. Scopus da Web of Science mujallun da suka zaɓa kaɗai suke ƙirgawa, kuma da yawa daga mujallun Afirka da ke kan AJOL, rumbun mujallun Afirka na intanet, ba sa ciki. Ba abin mamaki ba ne lambar Scholar ta ninka ta Scopus. Don haka in za a gwada mutum biyu, a ɗauko lambobinsu daga rumbu ɗaya a rana ɗaya.

Sai share maimaici. Maƙalar da aka fara sakawa a rumbun daftari irin su medRxiv ko bioRxiv kafin mujalla ta buga ta takan fito sau biyu. Wani tarko kuma na wannan fanni ne musamman: manyan mujallu irin su Alzheimer's & Dementia suna buga taƙaitattun bayanan da aka gabatar a taron shekara a wata fitowa ta daban, kowanne da lambar DOI. A takardar tarihin aiki sai ka ga kamar cikakkiyar maƙala ce a babbar mujalla. Buɗe ta. Idan sakin layi huɗu ne a shafi ɗaya, babu jerin manazarta, to bayanin taro ne, a sa shi a gidansa.

Mataki na uku: raba maƙalun gida-gida

Ba don ya fi kowa hazaƙa ake yawan ambaton wani aikin ba. Wani nau'in rubutu ne kawai ke jan ambato. Gwajin auna tunani na MMSE da Folstein da abokansa suka buga a 1975, ƙa'idojin gane cutar Alzheimer na McKhann da abokansa na 1984, da matakan yaɗuwar cutar a ƙwaƙwalwa na Braak da Braak na 1991, an ambaci kowannensu sau dubbai masu yawa, saboda duk wanda ya yi amfani da ma'aunin dole ya faɗi inda ya samo shi. Maƙalun bita, waɗanda ke tattara abin da wasu suka gano, su ma sun fi jan ambato a kan binciken asali, domin mai rubuta gabatarwa ya fi son ya kawo guda ɗaya da ta ƙunshi komai.

To ka raba jerin kashi biyar: binciken asali a kan mutane, binciken asali a ɗakin gwaji, bita, rahoton majinyaci ɗaya ko wasiƙa ga edita, sai maƙalun gamayya.

Na ƙarshen nan shi ya fi buƙatar natsuwa. Maƙalun GBD, masu ƙiyasta nauyin cututtuka a duniya, suna ɗauke da ɗaruruwan sunaye. Ɗaya daga cikinsu, ta 2022 a mujallar Lancet Public Health, ita ce ta yi hasashen masu gigin tsufa za su tashi daga kusan miliyan 57 a 2019 zuwa kusan miliyan 153 a 2050, kuma da wuya ka karanta gabatarwar maƙala a wannan fanni ba ka ci karo da adadin ba. Duk wanda sunansa ke ciki yana kwasar ambaton gaba ɗaya a shafinsa, ko da abin da ya yi bai wuce duba daftari ya aika tsokaci ba. Shiga irin wannan gamayya ba laifi ba ne. Laifin shi ne a lissafa ta daidai da binciken da mutum ya tsara da kansa.

Sai dai ba duk gamayya ce haka ba. A 2023 mujallar Lancet Neurology ta buga binciken da ya gano wani sauyi a ƙwayar gado ta GBA1 mai ƙara haɗarin Parkinson ga mutane 'yan asalin Afirka. Likitocin Najeriya, ƙarƙashin jagorancin Farfesa Njideka Okubadejo ta Jami'ar Legas, su suka duba majinyata suka tara samfurin da aka gina aikin a kai. Sunan da ke tsakiyar irin wannan jeri na iya zama na wanda ya yi shekaru yana zaman asibiti yana cika fom. Hanyar ganewa ita ce sashen da ke ƙarshen maƙala inda ake faɗin abin da kowa ya yi. Ka karanta shi.

A al'adar wannan fanni, na farko shi ne wanda ya yi yawancin aikin da hannunsa, na ƙarshe shi ne shugaban tawagar. Ƙirga maƙalu nawa mutumin yake na farko, nawa yake na ƙarshe, nawa ne shi ake tuntuɓa. Mai neman zama farfesa da ke da maƙalu 70 amma huɗu kaɗai ya jagoranta, akwai tambaya. Haka kuma idan sunaye shida ne ke yawo tare a kowace maƙala, yau ɓera, gobe zazzaɓin cizon sauro, jibi ruwan rijiya, mai yiwuwa sa-ni-in-sa-ka ake yi. Ƙa'idar kwamitin editocin mujallun likitanci na duniya, ICMJE, sharuɗɗa huɗu ta gindaya kafin a zama marubuci: hannu a tsara aikin ko tattara bayanai ko nazarinsu, hannu a rubutu ko gyara mai ma'ana, amincewa da daftarin ƙarshe, da yarda a tuhume ka kan abin da ke ciki.

Mataki na huɗu: mujallun

Ma'aunin tasirin mujalla lissafi ne mai sauƙi. Na 2023, alal misali, shi ne ambaton da aka yi a 2023 na maƙalun da mujallar ta buga a 2021 da 2022, a raba da yawan maƙalun. 'Yan maƙalu kaɗan ne ke ɗaga shi, mafi yawa suna ƙasa da matsakaicin. Shi ya sa sanarwar DORA, da aka tsara a San Francisco a 2012, ta ce kada a auna mutum da ma'aunin mujallar da ya buga a ciki. Amfaninsa a gare ka kaɗan ne.

Abin da ya fi muhimmanci shi ne ko mujallar ta gaskiya ce. Nemi sunanta a NLM Catalog, kundin sunayen mujallu na masu PubMed, ka ga ko MEDLINE, wato jerin mujallun da suka tantance, na lissafa ta a halin yanzu. Ganin maƙala ɗaya a PubMed bai isa ba, domin wani lokaci marubucin ne ya ajiye ta a can bisa sharaɗin masu ba shi tallafi. Duba jerin mujallun Scopus, har da jerin waɗanda ya kora. Shafin SCImago yana nuna rukunin mujalla daga Q1, na sama, zuwa Q4 kyauta, DOAJ kuma na nuna mujallun da ake karantawa kyauta waɗanda aka tantance. 'Yan damfara alamominsu sanannu ne: gayyata ta imel da yabo mai yawa, karɓar maƙala cikin kwana uku, fannin da ya haɗa likitanci da injiniyanci da adabi, da wani ma'aunin tasiri mai suna kama da na gaske wanda ba kamfanin Clarivate, mai fitar da na gasken, ne ya fitar da shi ba.

Kada kuma a raina mujallar gida don ta gida ce. Annals of African Medicine, mai tushe a nan Sakkwato, tana cikin PubMed. Binciken gigin tsufa tsakanin dattawan Kware ko Wamakko da aka yi da kyau aka buga a irinta, likitan da ke duba waɗannan dattawa zai fi amfana da shi.

Mataki na biyar: lissafin

Ma'aunin h wani masanin kimiyyar fiziks, Jorge Hirsch, ya fito da shi a 2005. Jera maƙalun daga mai yawan ambato zuwa mai ƙaranci, ka sauko har inda lambar layi ta wuce yawan ambato. A ce mutum yana da maƙalu 12 masu ambato kamar haka: 310, 44, 27, 19, 12, 9, 7, 7, 4, 2, 1, 0. Ta bakwai tana da 7, ta takwas ba ta kai 8 ba, don haka h ɗinsa 7 ne. Jimilla 442. Ma'aunin i10, wato maƙalun da suka kai ambato goma, 5 ne.

Yanzu a ce mai 310 ɗin ta gamayya ce. Cire ta. Jimilla ta faɗo zuwa 132, kashi 70 cikin ɗari sun tafi da maƙala ɗaya, amma h yana nan a 7. Wannan shi ne amfanin h, ba ya ruɗuwa da maƙala guda. Sai dai idan na gamayyar sun kai goma sha biyar, shi ma zai hau tare da su. Shi ya sa ake lissafi sau biyu, ɗaya da komai, ɗaya bayan an cire duk maƙalar da marubutanta suka haura 50. Za ka iya yin na uku da waɗanda mutumin yake na farko ko na ƙarshe kaɗai, kuma sau da yawa wannan na ukun ne ya fi faɗin gaskiya.

Ma'aunin h ba ya raguwa ko mutum ya daina aiki, don haka galibi dattijo ya fi yaro. Domin rage wannan, raba h da shekarun da suka wuce tun maƙalar farko: 7 cikin shekara goma ya ba da 0.7. Ka yi hattara da shi ga likitan da ke kwana asibiti, ko wanda ya yi shekarun horon ƙwarewa, ko macen da ta yi hutun haihuwa. Binciken bin mutane tsawon lokaci ma ba ya sauri. Aikin Ibadan da Indianapolis, wanda Benjamin Osuntokun da Hugh Hendrie suka kafa, ya fara a 1992, amma sai a 2001 mujallar JAMA ta buga babban sakamakonsa: a kowace shekara kashi 1.35 cikin ɗari na dattawan Ibadan ke kamuwa da gigin tsufa, a baƙaƙen fatar Indianapolis kuwa kashi 3.24. Mai irin wannan aiki zai yi shekaru shafinsa shiru, alhali mai gwajin ɓera na mako huɗu ya buga goma.

Sai ambaton kai. Scopus yana da maɓallin cire shi. Ambaton aikinka na baya ba aibi ba ne in a kansa kake ɗorawa. A nazarin da John Ioannidis da abokansa suka fitar a 2019 kan masu bincike dubu ɗari da aka fi ambato, matsakaicin ambaton kai da na abokan rubutu kashi 12.7 cikin ɗari ne. Idan na mutum ya haura kashi ɗaya cikin huɗu, buɗe jerin masu ambatonsa ka ga su waye. In sunaye uku ko huɗu ne ke ta maimaituwa, kuma shi ma su yake ambato, adashi ake yi. Scholar ya fi sauƙin yaudara: a 2010 wani masanin kwamfuta a Faransa, Cyril Labbé, ya ƙirƙiri marubucin da babu shi mai suna Ike Antkare, ya zuba maƙalun bogi masu ambaton juna, h ɗinsa ya kai 94.

Domin gwada maƙala da sa'o'inta, akwai ma'auni biyu. Shafin iCite na NIH, hukumar binciken lafiya ta Amurka, kyauta ne: kwafo lambobin PMID daga teburinka ka zuba, zai ba ka RCR na kowace maƙala. RCR na 1.0 yana nufin ana ambatonta daidai da matsakaiciyar maƙalar da NIH ta ɗauki nauyi a fanninta. Ka tuna da wa ake gwada ka, ɗakunan gwaji ne masu kuɗi, don haka 0.6 daga Sakkwato ba faɗuwa ba ce. A Scopus kuma akwai FWCI, inda 1.0 shi ne matsakaicin duniya ga maƙalu masu nau'i ɗaya, fanni ɗaya, shekara ɗaya. Maƙalar da ba ta kai shekara biyu ba, kada ka yanke mata hukunci da kowanne.

Mataki na shida: an janye wani abu?

Wannan fanni ya sha kunya a kan yawan ambato. A 2006 mujallar Nature ta buga maƙalar Sylvain Lesné da abokansa na Jami'ar Minnesota, wadda ta ce wani nau'in furotin amiloyid mai suna Aβ*56 yana lalata tunanin ɓeraye. An ambace ta kusan sau 2,500. A 2022 mujallar Science ta fito da binciken da ya nuna an taɓa hotunan gwajin, bayan likitan ƙwaƙwalwa Matthew Schrag ya bi su ɗaya bayan ɗaya, kuma a Yunin 2024 aka janye ta. A Satumbar 2024 NIH ta sanar cewa ta samu Eliezer Masliah, wanda ya shugabanci sashen kimiyyar ƙwaƙwalwa a cibiyarta ta binciken tsufa, da sake amfani da hotuna tare da canza musu suna a maƙalu biyu. Science kuma ta ba da rahoton shakku kan maƙalunsa 132. Mutum ne mai maƙalu wajen 800, kuma duk ma'aunin da muka lissafa a sama yana saman jeri.

Binciken ba ya cin lokaci. A PubMed ƙara AND retracted publication[pt] a bayan sunan. Rumbun Retraction Watch na maƙalun da aka janye a buɗe yake kyauta tun 2023. Zuba DOI na manyan maƙalun a PubPeer, shafin da masu bincike ke tsokaci kan maƙalun da aka buga, ka ga ko an yi magana a kansu. Manhajar Zotero ta ajiye manazarta ma tana sa jan tambari a kan duk maƙalar da aka janye a cikin ma'ajiyarka. Scholar dai ba ya cire ambaton maƙalar da aka janye, kai za ka cire da hannunka. Ka kuma karanta sanarwar janyewar: wanda ya gano kuskurensa ya nemi a janye daban yake da wanda aka kama. Tsokaci a PubPeer ma tambaya ce, ba hukunci ba, sai ka duba ko marubutan sun amsa da hotunan asali.

Mataki na bakwai: karanta guda biyar

Zaɓi uku mafi yawan ambato cikin waɗanda ya jagoranta, da biyu na baya-bayan nan.

Idan binciken mutane ne, tambayar farko ita ce da me aka gane cutar. MMSE maki 30 ne, kuma an saba ɗaukar ƙasa da 24 a matsayin matsala. Amma a cikinsa akwai karanta jimla, rubuta jimla, kwafar zane, da cire bakwai-bakwai daga ɗari. Dattijon da ya sauke Alƙur'ani, yana rubuta ajami, yana riƙe da lissafin dabbobinsa a ka, amma bai yi boko ba, zai iya faɗuwa wannan gwaji ƙwaƙwalwarsa garau. Duk maƙalar da ta yi amfani da shi haka nan a ƙauyen Sakkwato ta ba da adadi mai ban tsoro, adadin na rashin boko ne. Ka duba ko an yi amfani da ma'aunin da aka tsara don irin wannan al'umma, kamar CSI-D mai haɗawa da hira da wani na kusa da dattijon, ko IDEA. Ko an fassara shi zuwa Hausa an gwada ingancinsa. Ko likita ya sake duba waɗanda gwajin ya nuna. Shekaru ma abin dubawa ne, tunda yawancin tsofaffinmu ba su da takardar haihuwa. Mai aiki da kyau yakan ƙiyasta da abubuwan tarihi: ina kake lokacin samun 'yancin kai a 1960, ko kisan Sardauna a 1966, ko canjin kuɗi zuwa naira a 1973? Sannan majinyatan asibiti ne ko an bi gida-gida? Adadin da aka samo a asibitin koyarwa ko asibitin ƙwaƙwalwa na Kware ba ya wakiltar gari, domin iyalai da yawa suna ɗaukar mantuwa a matsayin tsufa kawai, ba sa kawo mai ita sai ta yi tsanani.

Idan binciken ɗakin gwaji ne, duba yadda aka jawo cutar. Maganin sikofolamin yana toshe saƙon sinadarin ƙwaƙwalwa mai suna asetilkolin na ɗan lokaci, ɓera ya manta hanya, amma ƙwayoyin ƙwaƙwalwarsa ba su mutu ba. Maƙalar da ta ba ɓera shi, ta ba shi ruwan zogale ko habbatus sauda, sannan ta ce ta samo maganin Alzheimer, ta faɗi abin da ya fi ƙarfin gwajinta. Gubobin rotenon, MPTP da 6-OHDA suna kashe ƙwayoyin ƙwaƙwalwa masu samar da sinadarin dofamin, sun fi kusa da Parkinson, amma su ma cikin kwanaki ko makonni suke yin abin da cutar ke yi cikin shekaru. Ɓera nawa ne a kowane rukuni, kuma me ya sa aka tsaya a wannan adadi? An raba su da ƙuri'a? Mai auna sakamako ya san rukunin da yake dubawa? An ajiye samfurin tsiron a ma'ajiyar tsirrai an ba da lambarsa? Ƙa'idojin ARRIVE na rubuta rahoton gwajin dabbobi sun jera mafi yawan waɗannan. Daga nan ka ƙara girman hotunan naman ƙwaƙwalwa a kwamfuta ka gwada na rukuni da rukuni. Tabo ɗaya ko jijiyar jini mai siffa ɗaya a hotuna biyu masu suna daban, ko da an juya ɗayan, ba ya faruwa da kansa.

A ƙarshe buɗe goma daga cikin masu ambaton kowace maƙala. Sun sa ta ne a cikin jerin lambobi a gabatarwa, ko sun ɗauki hanyarta sun yi aiki da ita, ko kuwa sun gwada sun kasa samun abin da ta samu? Duk ukun ambato ɗaya-ɗaya ne a wurin na'ura.

Idan shafin naka ne

Zaɓi salon suna ɗaya da salon adireshi ɗaya ka tsaya a kai, ka sa ORCID a kowace maƙala tun wajen turawa. A take da taƙaitawa ka ambaci cutar, mutanen da wurin, domin mai tattara binciken Afirka da waɗannan kalmomi yake nema. Yi rajistar izinin kwamitin ɗa'a kafin fara aiki ka rubuta lambarsa. In mujallar ta yarda, ajiye daftarin da aka karɓa a inda kowa zai karanta kyauta. Kuɗin bugawa kuwa, a nemi rangwame kafin turawa, domin bayan an karɓa da wuya a saurare ka.

Game da abin da za a bincika, darasin MMSE yana nan: ma'auni shi ake ambato. Wanda ya fassara gwajin tunani zuwa Hausa, ya gwada shi a kan dattawa masu boko da marasa boko, ya fitar da makin da ya dace da kowane rukuni, duk mai binciken gigin tsufa daga Sakkwato har Maraɗi da Damagaram sai ya bi ta kansa. Maƙala ɗaya irin wannan ta fi a yanka bincike guda gida huɗu don cika adadin ƙarin girma.

Rahoton da za ka miƙa bai kamata ya wuce shafi ɗaya ba. Sa ranar da aka ɗauki lambobi da rumbun da aka ɗauko su, yawan maƙalu a kowane kashi, nawa ya jagoranta, h da jimillar ambato da gamayya da kuma ba gamayya, kason ambaton kai, RCR na manyan maƙalu biyar, da sakamakon binciken janyewa ko da babu komai. A ƙasa ka rubuta jimla biyu ko uku kan kowace maƙalar da ka karanta: me ta tambaya, me ta samu, wa ya yi aiki da shi. Teburin Excel ɗin kuma ka haɗa shi a baya, yadda duk ɗan kwamitin da ya yi shakka zai iya maimaita lissafin da kansa.